Kafin Ka Tura Tsohuwa a Titunan Makka: Yadda Ake Shirya Keken Guragu Tun Daga Gida

In mutanenmu suka tashi kai tsoho ko mara lafiya Hajji ko Umra, abin da ke zo musu a rai shi ne farin daɓen nan na harabar Ka'aba da ake gani a talabijin, sumul kamar madubi. Sai ana jibi tafiya a shiga kasuwa a sayo keken guragu irin na asibiti, ko a aro na maƙwabta, a naɗe a nufi filin jirgi. Ni ma haka na yi da na kai mahaifiyata Umrar azumi. Abin da talabijin ba ya nunawa shi ne hanyar da ke tsakanin masauki da masallaci.

A goman ƙarshe ne, muna dawowa daga tahajjud zuwa masaukinmu a Misfala. Mun bar babban titin Ibrahim Khalil mun shiga wani lungu mai gangara, ina turi da ɗan sauri don mu samu sahur. Ƙaramar tayar gaba ta hagu ta faɗa tsagin murfin ƙarfe na magudanar ruwa. Keken ya tsaya cak, Inna ba ta tsaya ba. Ta zame ta gaba, ta dira a kan gwiwoyi da tafukan hannu. Da na durƙusa zan ɗaga ta, abin da ta ce kawai shi ne, "Ba komai ɗan nan, kama ni a hankali." Gwiwarta ta dama ta kumbura, kwana 2 ba ta leƙa Harami ba, a kwanakin da ta yi shekaru tana tara kuɗi dominsu.

Washegari Kawu, ƙanin mahaifina da ya daɗe yana zaune a Shara Mansur, ya zo duba ta. Ya juya keken, ya murza ƙaramar tayar da yatsa, ya ce, "Kai yaro, ai wannan keken ɗaki ne." Ya kai ni wurin wani mai gyaran kekuna, Bahaushe haifaffen Makka, kuma yawancin abin da zan faɗa a nan daga bakin mutumin nan na fara jinsa. Sauran na koya ne da na sake shirya keken a Kano kafin mu koma aikin Hajji a 2024.

Ƙasar da za ka taka

Madina ba ta da wahala. Kewayen masallacin Annabi (SAW) shimfiɗe yake, in ba wuraren ziyara irin su Uhudu ba, inda tsakuwa da duwatsu suke. Makka ce aiki. Gari ne da ke cikin kwari tsakanin duwatsu, don haka unguwannin da ake sauke alhazanmu, Misfala, Kudai, Jarwal, Aziziyya, ba a rasa hawa da gangara, da dakalin gefen titi mai tsayi, da inda ake gini aka tone hanya. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kusan kilomita 3 ne. Ɗawafi kuwa, in da cunkoso, askarawa kan tura masu keke sama, kuma zagayen sama ya fi na ƙasa tsawo nesa ba kusa ba. Arfa tana da nisan kimanin kilomita 20 daga Makka. Akwai jirgin ƙasa da ke haɗa Mina da Muzdalifa da Arfa tun 2010, amma ba kowane ayari ake sa wa a cikinsa ba, kuma ko bas ce ta ɗauke ku, ba a bakin tanti take ajiyewa kullum ba. Muzdalifa fili ne, wani wurin kwalta, wani wurin tsakuwa da rairayi, kuma da dare ake isa.

Wannan ita ce ƙasar da za ka yi wa keke shiri. Ka ba kanka aƙalla wata guda kafin tashi.

Wane keke ne ya cancanci a ɓata lokaci a kansa

Akwai wani iri mai ƙananan ƙafafu guda 4, mara nauyi, wanda 'yan kasuwa ke yaba wa saboda sauƙin ɗauka. Kada ka je da shi. An yi shi ne don tsakanin mota da ƙofar asibiti. Wanda kake so shi ne mai manyan ƙafafun baya masu inci 24, mai naɗewa, wanda ake iya cire matakan ƙafarsa. Ka zaunar da mai shi a ciki ka duba: tafin hannunka ya shiga tsakanin ƙugunsa da gefen keken ba matsi, kuma a samu tazarar yatsu 2 ko 3 tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa. Keken da ya yi faɗi da yawa yana sa mutum ya karkace gefe guda, wanda ya matse kuma yana goge fata.

Sannan ka kifar da shi ka bi duk inda aka yi walda da ido, musamman inda ƙarafa biyun nan suka gitta a ƙarƙashin mazauni. In ka ga tsaga, ko siririya ce kamar gashi, a kai wa mai walda tun a gida.

Mai hali yana iya neman keken da tun asali don mummunar hanya aka ƙera shi, irin RoughRider, wanda aka nesanta ƙafafunsa na gaba da na baya don kada ya kifa, aka kuma yi shi da kayan da mai gyaran keke zai iya canzawa. Amma yawancinmu da abin da ke hannu za mu tafi, kuma shi ma yana gyaruwa.

Ƙananan tayoyin gaba

A nan ya kamata rabin kuɗinka da hankalinka su tafi, domin su ne ke kayar da mutum. Babbar ƙafa tana hawa kan dutse ta wuce. Ƙaramar taya in ta ci karo da abin da ya kai rabin tsayinta, tsayawa take, kuma in siririya ce tana nutsewa a rairayi, tana faɗawa kowane tsagi. Kekunan asibiti galibi suna zuwa da ta inci 8 mai kaurin inci 1 kacal, busasshiyar roba mai tauri. Abin da za ka nema shi ne mai faɗi, inci 8 da kaurin inci 2, wadda za ka ga an rubuta 200x50 a jikinta. Ana samun mai iska, ana samun ta roba mai taushi mara iska. Ni mara iskar na zaɓa a gaba, don facin ƙaramar taya a bakin titi azaba ne, kuma tub ɗinta ba a kowane shago ake samu ba.

Kafin ka biya kuɗi, ka cire tsohuwar tare da ƙarfen da ke riƙe da ita, mai baki biyu kamar gwafa, ka tafi da su kasuwa. Mai yiwuwa gwafar ta yi wa sabuwar taya kaɗan, sai an haɗa da ita an canza. Bayan an ɗaura, abubuwa biyu za ka tabbatar. Na farko, tayar ta juya ta kowace fuska ba tare da ta taɓa matakin ƙafa, ko diddigen mai zama, ko babbar ƙafar baya ba. Ka ja keken da baya ka gani, domin a lokacin ne take juyowa gaba. Na biyu, sandar da gwafar ke juyawa a kanta ta tsaya tsaye cak in keken yana kan daɓe. In sabuwar tayar ta fi tsohuwar tsayi, gaban keken zai ɗaga, sandar ta karkace, sai ka ji tayar tana rawa tana kaɗawa da zarar ka ɗan yi sauri. Yawancin gwafofi suna da huda 2 ko 3, sai a matsar da tayar zuwa hudar da ta daidaita.

Boris ɗin cikinsu ma a canza shi sabo, ko da tsohon yana juyawa. Akwai lamba a jikin kowane boris. Ka rubuta ta a takarda, ka sayi ƙari guda 4 ka sa a jaka.

Akwai kuma wata dabara ta daban: ƙafa ta uku da ake maƙalawa a gaba, ta ɗaga ƙananan tayoyin daga ƙasa gaba ɗaya, keken ya koma mai ƙafa 3. Wadda aka fi sani ita ce FreeWheel, mai taya inci 12. A kan tsakuwa babu kamarta. Sai dai an yi ta ne don keke mai matakin ƙafa guda a haɗe, mai naɗewa sai da ƙarin ƙarfen da ake gittawa. Masu waldarmu suna iya kwaikwayonta da ƙafar keken yara, na ga wanda aka yi kuma ya yi kyau. Sharaɗina guda ne: ta zama mai cirewa cikin minti ɗaya ba tare da sifana ba, domin tana ƙara wa keke tsawo, ba za ta shiga ƙaramin lif ba, kuma a cunkoson Harami za ka riƙa bugun dugadugan bayin Allah.

Manyan ƙafafu

Muhawarar da ba ta ƙarewa ita ce, taya mai iska ko toshasshiya. Toshasshiya ba ta faci har abada, amma duk dutsen da ta taka sai ya isa ƙashin bayan mai zama. Ga tsohuwa mai ciwon baya, tafiyar awa 2 a kanta ta isa ta kwantar da ita. Na zaɓi mai iska, kuma zan sake zaɓar ta, amma mai kauri wadda ƙusa ba ta huda ta da sauƙi. Schwalbe Marathon Plus ta yi suna a wannan fanni. In ba ka samu ba, tsohuwar dabarar masu faci tana aiki: a yanka tsohon tub a shimfiɗa tsakanin taya da sabon tub.

Ga wani tarko da ya cinye mini kwana 3 a kasuwa. Ba duk tayar da aka rubuta wa 24 ce ɗaya ba. Ka duba gefen tayarka, za ka ga wasu lambobi biyu, misali 37-540. Ta ƙarshen ita ce girman rim. Keken guragu galibi 540 ne, alhali keken hawa na yara mai inci 24 mai ƙatuwar taya 507 ne. Ba sa shiga juna, ko da mai shago ya rantse. Da lambar nan za ka sayi taya da tub, a gida ko a Saudiyya.

Wanda ke son ƙatuwar taya mai ƙuraje irin ta keken daji, sai mai gyaran keke ya ɗaura masa rim 507 a kan cibiyar ƙafar kekensa. Tsayin yana zuwa kusan ɗaya. Tana taimakawa ƙwarai a rairayi, amma tana ƙara faɗi, tana kwaso ƙazanta, kuma tana da nauyin turi a kan daɓe. A ganina, don dare guda na Muzdalifa bai kai a wahalar da kai sauran kwanakin ba. Duk abin da ka sa, ka auna faɗin keken daga waje zuwa waje ka riƙe lambar a kai, don ƙofofin banɗakin otal ƙanana ne.

A sa mai gyara ya ɗaure wayoyin ƙafa, ya daidaita rim ɗin. Sannan a rufe wayoyin da faifan roba ko kwali mai ƙarfi. Dalili shi ne hijaban matanmu dogaye ne har ƙasa, haramin maza kuma sakakke ne, kuma da zarar gefen zane ya shiga waya, naɗewa yake ya finciko mutum ta wuya.

Birki da nauyi

Ƙarfen nan da ake dannawa ya cije taya ba birkin tafiya ba ne, na tsayuwa ne. In ka danna shi ana cikin gangara, keken zai juya gefe ko ya watsar da mai zama. Kuma cizonsa ya dogara ne da iskar taya: in ta yi sanyi, ba ya riƙewa. Duk lokacin da aka canza taya sai an sake saita shi. Gwajinsa mai sauƙi ne, a zaunar da mutum, a danna duka biyun, ka tura da ƙarfi. Keken ya ja ƙasa, kada ƙafa ta juya.

Don gangaren Makka, abin da ya fi amfani shi ne birki irin na keken hawa a hannun mai turi. Wasu kekunan da shi suke zuwa, kuma in kana sayen sabo ne, wannan kaɗai ya isa dalilin ƙara kuɗi. Ka kuma murɗa robobin mariƙin da ƙarfi. In suna juyawa, a cire a sa gam, domin zafi da gumi suna sa su sulɓe, a bar ka da roba a hannu keke ya yi gaba. Ni har igiya na ɗaura daga keken zuwa wuyan hannuna.

Jakar da ake ratayawa a baya tana rinjayar keke ya faɗi ta baya, musamman a hawa ko in mai zama ya miƙe. Ruwa da kayan nauyi a ƙarƙashin mazauni ya kamata su zauna, sai tela ya ɗinka raga ko jaka da za a ɗaure a nan. In keken yana da 'yan ƙananan tayoyin nan na baya masu hana kifewa, kada ka jefar da su don suna tokare dakali. Ka koyi juya su sama in za ka hau, ka mayar in ka sauka. Mai tura kansa da hannu, wanda ya iya ɗaga gaban keke, yana iya matsar da manyan ƙafafu gaba kaɗan don sauƙin turi. Ga tsohon da ake turawa, a bar su a baya inda suke.

Mazauni

Na ga mutane sun kashe kuɗi a kan taya, sun zaunar da uwarsu a kan baƙar ledar da keken ya zo da ita. Ledar nan tana lotsawa a tsakiya, ta haɗe gwiwoyi, ta tara nauyin jiki duka a kan ƙasusuwa biyu na mazaunai. Ranar Arfa zuwa wayewar garin Muzdalifa mutum yana iya kusan yini da kwana a zaune, cikin gumi. Haka gyambon zama yake farawa, kuma ga mai ciwon suga ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, gyambon da aka samu cikin kwana 2 yana iya cin watanni bai warke ba.

A yanka falankin katako daidai faɗin mazaunin, a goge gefunansa, a ɗora. A kansa a sa matashi na musamman da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti, na iska ko na jel. In babu hali, soso mai tauri a ƙasa, mai taushi a sama, kaurinsu duka ya kai santimita 8 zuwa 10, da riga ta auduga guda 2 don a riƙa wankewa. Kada a yi amfani da matashin nan mai rami a tsakiya kamar gammo, yana datse jini ne a kewayen wurin. Bayan an ɗora matashi mutum ya ƙara tsayi, don haka a sake saita matakan ƙafa: cinya ta kwanta sosai a kan matashi, matakin kuma ya nisanci ƙasa da fiye da santimita 5, gara ma ya kai 8 saboda duwatsu. A ɗaura maɗauri a bayan ƙwauri don kada ƙafa ta zame ta shiga ƙarƙashi.

Sai bel. Da akwai shi a daren Misfala da Inna ba ta faɗi ba. A ƙugu ake ɗaura shi, ƙasa da cibiya, ba a ciki ko ƙirji ba. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba akuya ba ce da za a ɗaure. Na roƙe ta, na ce, "Inna, don Allah a kan titi kawai, in mun shiga masallaci ke za ki kwance da hannunki." Ta yarda da wannan sharaɗi, kuma na cika shi. Duk gyaran da za ka yi, ka zauna da mai keken ka tambaye shi inda ke masa ciwo da abin da ba ya so. Tsofaffinmu suna da kunya da kawaici, ba za su ce mazaunai na musu zafi ba, musamman ga ɗa namiji. Shi ya sa na haɗa Inna da wata baiwar Allah a ɗakinsu, ita ke duba mata fata kowane dare. Jan da bai ɓace ba bayan rabin awa da tashi daga kan keke alama ce ta a nemi likitan ayari tun kafin ya fashe. A hanya kuma, duk bayan minti 20 zuwa 30, a tsaya ta sunkuya gaba ko ta karkata gefe na ɗan lokaci.

Zafin can ba na wasa ba ne. A Hajjin 2024 ma'auni ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301. Mai zama a keke ya fi mai tafiya kusa da kwalta, kuma ba ya iya guje wa rana da kansa. A ɗaure ɗan bututu a jikin mariƙi wanda laima za ta zauna a ciki, hannunka ya huta. Duk ƙarfen da fata ke taɓawa a naɗe shi da ƙyalle, musamman matakin ƙafa, don mai ciwon suga yana iya ƙonewa bai ji ba.

Jakar gyara da gwaji

Ba ta da yawa: tub 2, ƙaramin famfo wanda ya dace da bawul ɗinka, ƙarafan ɓare taya, sifanu da alanki waɗanda ka gwada a kan notinan kekenka da hannunka, filaya, boris, 'yan notina da washa, tsumma, da robar tsohon tub da aka yanka dogaye, wadda ke ɗaure duk abin da ya karye har a isa masauki. Gam ɗin faci yana kama wuta, ba a son sa a jirgi, ka saya a can. Duk notin da ke jikin keken a canza shi da mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi.

Ka yi wa keken alama da fenti mai haske, ka rubuta suna da lambar waya a jikin ƙarfe, ka liƙa katin otal. Kekuna dubbai ne iri ɗaya a ƙofofin Harami, kuma mutum yana ɗaukar naka da zuciya ɗaya yana zaton na wakafi ne. Ka manna salatif mai ƙyalli a baya da gefe saboda motocin dare.

Sannan ka gwada da gaske. Ka ɗora mai shi, ko buhun da ya kai nauyinsa, ka bi hanya mafi muni a unguwarku na tsawon kilomita 3, sau uku a mako. A nan za ka ji abin da ke ƙara, ka ga notin da ya saki, kafaɗunka kuma su san abin da ke jiransu.

Filin jirgi

Ka sanar da kamfanin jirgi ko jami'in alhazanku aƙalla awa 48 kafin tashi. Suna da lambobin da suke sa wa fasinja: WCHR ga mai iya hawa matakala, WCHS ga wanda ba ya iyawa, WCHC ga wanda sai an kai shi har kujera. Ka tabbatar an sa daidai, domin ba kullum jirgi ke tsayawa a bakin gadar da fasinja ke bi su fita ba tare da matakala ba. Galibin kamfanoni ba sa lissafa keken cikin kilon kaya. Ka roƙi a bar muku shi har ƙofar jirgi. Kafin ka miƙa, ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe, ka cire matashi da matakan ƙafa da bel ka shiga da su, ka naɗe shi ka ɗaure tam. Kayan gyara a babbar jaka za su tafi, ba ta hannu ba. In kun sauka a Jidda ko Madina, ka buɗe shi nan take ka tura ka gani. In an lanƙwasa wani abu, ka cike takardar ƙorafi kafin ka fita, domin yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama kwana 7 kacal ta bayar a kai kuka a rubuce kan kayan da suka lalace. Haka a bas, ka tsaya da kanka a sa shi a ƙarshe, a saman kaya.

Turin kansa

Hawa dakali da gaba ake yi: ka taka ƙarfen da ke ƙasa a baya, gaba ya ɗaga, ka ɗora ƙananan tayoyi, sannan ka tura manyan su hau. Sauka da baya ake yi, kai a ƙasa, manyan ƙafafu su fara dira a hankali. Gangara mai tsanani ma da baya, jikinka ya zama tokari. A tsakuwa ko rairayi, ka kwantar da keken kaɗan a kan manyan ƙafafu kawai, ko ka juya ka ja shi. Murfin magudana kuwa a karkace ake tsallake shi, ba a bin tsagin. Kuma kafin kowane ɗagawa ka yi magana. "Inna, zan ɗaga." Mutumin da aka karkatar ba zato yana zabura, zaburar ce ke kifar da keke. In mutane suka taho taimako, kuma za su taho, ka nuna musu jikin ƙarfen da ba ya cirewa, kada su kama matakin ƙafa ko madogarar hannu.

Kalmomi kaɗan za su fisshe ka. Keken a bakin mutanen can "arabiyya" ne. In kana neman hanya ka ce "ɗarik, ɗarik". Shagon faci "banshar", taya "kafar", kantin magani "saidaliyya", kuma manyansu suna sayar da kayan keken guragu. Motar asibiti 997 ce, ko 911.

Kada kuma ka ɗora wa tsoho abin da shari'a ta sauke masa. Manzon Allah (SAW) ya yi ɗawafi a kan raƙumi, ya umarci Ummu Salama da ba ta da lafiya ta yi nata a kan abin hawa ta bayan mutane, ya kuma yi wa Sauda izinin barin Muzdalifa da dare kafin cunkoso. Jifa ma ana wakilta wa mai rauni. Ka zauna da malamin ayarinku tun a Madina ku tsara. Inna ba ta je Jamra ko sau ɗaya ba, ni na jefa mata.

Kowane dare, kafin ka kwanta, minti 10 na keke ne. Ka matsa tayoyi, iskar ta tsaya ɗan ƙasa da iyakar da aka rubuta a gefe, domin zafin kwalta yana ƙara ta. Ka bi notina. Ka goge tayoyi da jiƙaƙƙen tsumma, tunda da su za ku shiga masallaci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gashi. Bayan ranar aski a Mina, ƙananan tayoyin suka yi nauyi kamar an taka birki. Da na kwance su a bakin tanti da fitilar waya, sai na tarar da gashi da zaren harami da ledar ruwa sun naɗe a jikin boris, dunƙule kamar gammo. Na ciccire da filaya, na sa ɗigon mai, suka koma juyawa.

Alhazai da yawa suna barin kekensu wakafi a Harami in za su dawo. In haka ka yi niyya, ka bar jakar gyaran a ɗaure a ƙarƙashinsa, da takardar lambar taya da ta boris. Mu namu mun dawo da shi, don Inna ta ce ta saba da zamansa. Da maƙwabcinmu zai kai mahaifinsa Umra ya zo aro, na canza tub ɗin dama, na sauke matakan ƙafa huda 2 saboda Alhajin dogo ne, na sa shi ya tura tsohon daga ƙofar gida zuwa masallacin Juma'a ya dawo, ina biye da su da sifana a aljihu.